Matar Da Ke Cikin Waya

Ni ɗan unguwar Bukan Sidi ne, a nan Lafiya aka yanke mini cibiya. Mahaifina mai gyaran rediyo ne, mutumin da in ka mance canjinka a teburinsa zai biyo ka da shi har gida. Ban tashi cikin yunwa ba. Na fara da wannan ne don kada wani yaro ya karanta labarina ya ce talauci ne ya jefa ni. Na yi allo, na gama sakandare, ina jin Turanci, ina ɗan taɓa yaren Alago da na Tibi na ciniki. Ga fuskar mutunci, ga zaƙin baki. Tsofaffi suna ƙaunata saboda har ƙasa nake durƙusawa in gaishe su, kuma a lokacin da zuciya ɗaya nake yi.

Da wayar salula ta shigo, garin nan ruɗewa ya yi. Tun da aka mai da Lafiya hedikwatar jiha muke ganin sababbin abubuwa, amma babu wanda ya juya kan mutane kamar wannan. Mai waya sai ya maƙala ta a ƙugu, ya ɗage riga don kowa ya shaida. Kamfanonin da ba mu taɓa ganin fuskar masu su ba suka kafa dogayen ƙarafa, suka shafe bangon shaguna da fentinsu, suka yanke mana farashin gaisawa da ɗan'uwa minti-minti. Sabis ya zo in ya ga dama, ya ɗauke in ya ga dama, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Baba ya tattara ɗan abin da yake da shi ya saya mini waya da layi, da lema, da teburin roba da kujera. Na kafa kusa da tashar motocin Obi da Keana, ina kira wa mutane suna biya. Fulani na zuwa jin labarin shanun da suka yi kudu, matan Tibi masu doya na zuwa neman dillalansu. Yawancinsu ba su iya danna komai ba. Ni ne mai dannawa, ni ne mai karanta saƙo, ni ne mai ajiye lamba. Kafin in ankara, sirrin rabin tashar yana cikin aljihuna, kuma abin ya yi mini daɗi.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake aika kuɗi a lokacin ba. Wanda ke birni sai ya sayi katin waya, ya kankare, ya turo lambobin ta saƙon tes zuwa wayar mai lema irina. Ni sai in loda katin a layina, in ciri ɗan ladana, in miƙa wa mai shi kuɗi a hannu. Babu rasit, babu shaida. Amana ce zalla.

A cikin masu karɓa ta hannuna akwai wata tsohuwa 'yar Keana, mai dafa gishiri, kowa Mama Agbo yake ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ne a duniya, Agbo, yana gadi a Fatakwal. Sabis bai kai Keana ba tukuna, don haka sai ta kawo gishiri kasuwa take biyowa ta wurina, ta karɓi saƙonsa, su gaisa. Ba kuɗin ne ya fi damunta ba, muryar ce. Da hannu biyu take riƙe wayar, tana ɗaga murya kamar tana kiran wanda ke ƙetaren rafi. In ta gama sai ta sa mini albarka har in fara jin kunya.

Wata rana kuɗin layina ya ƙare, mutane na layi suna jira, sai ga katin Agbo ya shigo. Na loda, na ce ai in ta zo zan ba ta. Kafin ta zo na sayi takalmi. Da ta zauna ta ce, "Yarona ya aiko?" sai na ji bakina ya ce bai aiko ba tukuna. Ban shirya ƙaryar ba, amma da ta fito ban mayar da ita ba.

Ta ce to in kira mata shi. Na danna lambarsa, na sauya ɗaya daga ƙarshe, na miƙa mata. Lambar da ba ta aiki ce, don haka muryar nan ta kamfani ta amsa, macen da aka ɗauka a na'ura, mai cewa da Turanci ba a samun lambar da ka kira, a sake gwadawa an jima. Mama Agbo ta saurara, ta cire wayar daga kunne, ta dube ni.

"Wace ce wannan matar?"

Da na ce mata na'ura ce, da labarin nan ya ƙare a kan kuɗin takalmi. Amma ni mai barkwanci ne, kuma ina neman hanyar fita. Na yi dariya na ce, ko dai Agbo ya yi mata suruka bai faɗa ba? Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni me matar ta ce. Na ce ta ce yana hutawa, a sake kira an jima.

Daga ranar, duk zuwanta sai na kira mata matar. Tsohuwar nan takan gyara zama, ta gaishe ta da Hausa, ta gaishe ta da Alago, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida. Muryar kuwa ta ci gaba da karatunta, ta maimaita, ta yanke. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Rashin kuɗin ta jure, amma a ce yarinya ta ji gaisuwar uwar mijinta ta ƙi amsawa, wannan ta kasa haɗiye shi. "Ko kare in ka kira shi yana juya," in ji ta wata rana, tana share ido da bakin zane. Kamfani ba ya cajin irin wannan kiran, amma ni sai na karɓi kuɗin minti ɗaya a hannunta.

Shi kuwa Agbo, in ya kira sai in ce Mama ta karɓa, ta gode, ta yi sauri saboda mota za ta tashi. Daga baya na ce ta ce ya daina ɓata kuɗi a kira, ya dinga turo kati kawai. Ya ce to. Haka na tsaya tsakanin uwa da ɗa, damina ta wuce, wata ta zo, kowannensu yana zaton ɗayan ne ya juya masa baya.

Ana haka wani abokina ya ja ni gidan intanet, wanda muke ce wa kafe. Ya nuna mini yadda ake tura tes guda ga ɗaruruwan mutane daga kwamfuta, da sunan kamfanin waya a samansa. Saƙon na cewa ka ci garaɓasa, ka turo kati don a buɗe maka fayil. Mutane sun yarda, domin a lokacin abin da waya ta faɗa gaskiya ne, ballantana da sunan kamfani. Na naɗe lemata, na jefar da tsohon layin, ban yi wa kowa sallama ba. Na sayi babur, na ɗinka shadda, na fara kallon shagon Baba kamar juji. Da ya tambaye ni wane irin aiki ne wannan, sai na ce masa aikin kwamfuta ne, ba zai gane ba.

Lokacin da nake cin gumin tsohuwa, babu wanda ya motsa. Amma da ƙorafi ya yi yawa har sunan kamfani ya fara ɓaci, sai ga shi ashe duk kiran da na yi da duk katin da na loda suna ajiye a wurinsu. Da rana tsaka 'yan sanda suka ɗauke mu a kafe, hannuna na kan kwamfuta. A kotu ba a ambaci Mama Agbo ba, don babu wanda ya san da ita. Baba ya zo ya zauna a baya, bai ɗaga kai ba har alƙali ya gama. Aka yanke mini shekaru, aka wuce da ni gidan yari.

Ina cikin shekara ta biyu gandiroba ya ce ina da baƙo. Wani dogon mutum ne ramamme, ban taɓa ganinsa ba, amma yana yin sallama na gane muryar. Agbo ne, a tasha aka gaya masa inda nake. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce ya yi aure a Fatakwal, wata 'yar Tibi mai suna Dooshima, ya kawo ta gida don mahaifiyarsa ta sa musu albarka. Tsohuwar na ganinta ta ce ga matar cikin waya. Ta ƙi amsa gaisuwarta, ta ƙi cin abincinta, ta ce ita ce ta cinye kuɗin, ita ce ta raba ta da ɗanta. Ya yi rantsuwa cewa lokacin ko sanin Dooshima bai yi ba. Ya kira wata matacciyar lamba a gabanta don ta ji na'ura ce, ta ce to ai ga muryar nan, 'yan'uwanta ne. Ya ce mata mai lema ne ɓarawon, ta ce ƙarya ne, yaron da ke durƙusa mata ba zai ci amanarta ba.

"Ba kuɗi na zo nema ba," in ji shi. "Sabis ya kai Keana yanzu. Na roƙi ofisan gidan nan, ya yarda. Zan kira, ka faɗa mata da bakinka. Kai kaɗai za ta yarda da shi."

Na dubi wayar a hannunsa, na dubi gandiroban da ke tsaye. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in na amsa wannan za a buɗe sabuwar shari'a, a ƙara mini shekaru. Na ce ban san shi ba, ban san wata Mama Agbo ba, masu lema a tashar nan suna da yawa. Agbo ya dube ni. Daga nan ya mayar da wayar aljihu ya fita. A duk abin da na aikata a duniya, wannan ne ya fi muni, kuma babu alƙalin da ya hukunta ni a kansa.

Sauran zamana a gidan yari ban samu sukuni ba. Na koma salla, na koyi ɗinki, na yi ta istigfari. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya ce mini kada in ruɗi kaina, abin da ke tsakanina da Allah daban, hakkin tsohuwar nan daban, sai na je na same ta.

Da aka sake ni, Baba ya karɓe ni ba tare da gori ba, hakan kuwa ya fi mini duka zafi. Kwana kaɗan na hau motar Keana. Na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Wata mata na tarar a tsakar gida tana wanki, goye da yaro. Ta amsa sallamata da fara'a, ta kawo mini kujera da ruwa, ta kira maigidanta. Agbo ya fito, ya gane ni nan take. Na zube a ƙasa na ce na zo in faɗa wa Mama gaskiya.

Ya ce ta rasu bara. Ya ce ciwo ya kwantar da ita watanni, kuma Dooshima ce ta yi jinyarta, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Amma abinci sai an kai gidan maƙwabciya an juye a wani kwano, a ce daga can ya fito, sannan take ci. Jikan ma ba ta taɓa ɗaukarsa ba.

Na faɗi komai a gabansu, tun daga takalmin har zuwa ranar da na ce ban san shi ba. Agbo ya ce kuɗin ya yafe, sauran kuwa ba nasa ba ne balle ya yafe. Na juya wajen matar. Ta tsame hannu daga ruwan wanki, ta goge a zane.

"Kullum da safe ina gaishe ta," ta ce. "Har ranar da ta mutu. Ko sau ɗaya ba ta amsa ba."

Ta koma kan wankinta. Na tashi na fita, ruwan da ta kawo mini ban iya sha ba.

Yanzu ina ɗinki a wani ɗan shago, ina cin halaliyata, na kuma tuba tuban da nake roƙon Allah ya karɓa. Ku samari masu waya a hannu, ku ji ni. A kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa da ke miƙo muku waya su ce ku duba musu, ku karanta musu, ku tura musu. Ba su san me ke ciki ba, ku suka sani. Kamfani ba zai kare su ba, kansa yake karewa. In kuka karanta, ku karanta abin da ke rubuce. In zuciya ta ja ku kuka yi ƙarya, ku warware ta yau, komai abin da zai biyo baya, tun wanda kuka yi wa yana da kunnen ji. Ni na je da gaskiyata har Keana, ban samu wanda zan ba ba.