Tafin Neman Hajiya

Bayan na yi ritaya daga aikin duba makarantu, ban zaci akwai sauran ƙasar da za ta koya mini zama da mutane ba. Sai ga shi babbar 'yata, wadda ke binciken cututtukan shanu a Ajantina, ta haihu. Muka tafi ganin jika ni da Hajiya, da niyyar mu yi wata guda. Ba mu gama warware gajiya ba annobar korona ta rufe filayen jirgi, wata gudan nan ya yi ta miƙewa har sanyin ƙasar ya wuce, zafinta ya shigo.

Zaman bai zo mini da sauƙi ba. Mutanen kirki ne, amma mazansu na gaisawa da sumbatar kunci, abin da ni mai furfura ban ga dalilinsa ba. Annobar ce ta cece ni, domin ta mayar da kowa gaisuwa da gwiwar hannu. Hajiya kuwa ko a jikinta. Nan da nan ta gano mahaucin da ke yankan Musulunci, tana cinikin kabewa da yatsu, maƙwabciya na miƙo mata burodi ta baranda. Ni ina ɗaki da ƙamus, ina haddace dogayen jimloli na Sifaniyanci waɗanda babu wanda ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshensu.

Da aka sassauta kulle, 'yata ta kai mu bakin teku. Muna zaune a inuwar laima sai na ji tafi ya tashi daga nesa, yana matsowa. Wani dogon mutum ne tafe da yarinya a kafaɗa, duk inda ya gitta jama'a su miƙe su kama tafi, har da tsofaffi sa'o'ina.

Na ce, "Wannan kuma wane irin shashanci ne da rana tsaka?"

'Yata ta ce, "Baba, yarinyar ce ta ɓata. Haka suke yi a nan. A ɗaga yaro sama, a yi ta tafi har iyayensa su biyo sautin."

Kafin ta rufe baki Hajiya ta miƙe tana tafawa. Na ce mata ta zauna, girma ya kama ta. Ta ce, "Malam, uwar yarinyar nan ba girmana take nema ba."

Da hanya ta buɗe, ɗanmu da ke tuƙi a wani kamfani a Doha ya roƙe mu mu sauka wurinsa a unguwar Bin Mahmud. Zaman ya yi daɗi, muka daɗe, har gasar cin kofin duniya ta riske mu a can.

Wata ranar wasa da la'asar, ɗan namu yana wurin aiki, Hajiya ta ce sai na raka ta sayen turaren wuta a tsofaffin shagunan Al Asmakh. Muna cikin tafiya sai ga ayarin magoya bayan Ajantina sun cika titi, da riguna masu ratsin fari da shuɗi, da ganguna. Na tsaya na ba su hanya. Da na waiwaya, babu Hajiya. Na laluba aljihu in kira ta, sai na ciro wayoyi biyu, tawa da tata, domin ni take ba wa ajiya. Ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, ba ta kuma haddace lambar gidan ba.

Na tari wani mai gadi, ashe Bakano ne. Ya ce, "Baba, wace irin kama gare ta?"

"Baƙar abaya ce a jikinta."

Ya dubi titi, ya dube ni. "Baba, ai ka kwatanta rabin matan Doha ke nan. Bari in sanar a rediyo, amma fa sai an yi haƙuri."

Haƙurin ne ba ni da shi. Na gyara babbar rigata, na nufi mai babbar ganga, na karanto masa jimla mafi tsawo da na taɓa haɗawa a harshensu. A karon farko a rayuwata aka saurare ni har ƙarshe. Ya yi wa 'yan'uwansa tsawa, gangunan suka yi tsit, ƙarti biyu suka durƙusa wai in hau kafaɗa. Na ce wannan kam ba za a yi da ni ba. Na cire hulata, ni da ban taɓa tsayawa a titi kai ba hula ba, na ɗora ta kan sandata na miƙa wa mafi tsawonsu. Ya ɗaga ta sama, tafi ya ɓarke. Ni ma na tafa, kuma ban tafa a hankali ba.

Muka bi layin shagunan, Larabawa da Indiyawa na leƙowa, wasu na kama tafin ba su san dalili ba. Can sai ga wata mata ta keto taron, leda a gwiwar hannu, tana tafi tana waige-waige. Ta ɗaga kai neman yaron da ya ɓata, sai ta ga hula.

Ta ce, "Malam! Kai ne ka ɓata?"

"Ke kika ɓata, Hajiya."

"Ni? Ina shago a zaune, har shayi aka ba ni. Tafin nan na ji na ce ɗan wata baiwar Allah ne. Ashe nawa ne, mai gemu."

Mai gadin nan, da ya biyo mu, ya ce a rediyonsa, "Khalas, shi ke nan, an ga Baba."

Aka sauko mini da hulata cikin sowa. Ina cikin daidaita ta a kai, mai ganga ya rungumo ni ya manna mini sumba a kunci. Na duba hagu da dama, babu annobar da za ta cece ni. Sai na yi masa godiya da cikakkiyar jimla, na karɓi ledar turaren, na mayar wa Hajiya wayarta a hannu.