Neman Wanda Zai Gaji Koci Isyaku

Alhamis: Ƙanƙara zuwa Faskari

Na fito daga gida da ƙarfe biyar da rabi na asuba, da jaka ɗaya da lema da littafin rubutu. Alhaji Lawal tela ya riga ni isa tasha, na tarar da shi kan benci yana shan koko da ƙosai. Direba ya ce ba zai tashi ba sai gari ya waye sosai, kuma babu wanda ya yi mashi musu, tunda haka ake bin hanyar Sheme a zamanin nan. Sai bakwai saura kwata muka ɗaga, mu huɗu a baya, biyu a gaba.

Kwamitin tsofaffin ɗaliban kwalejinmu ne ya aiko mu. Kwamitin ne ke ɗaukar mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwaleji, shi ke kuma sallamarsa. Shekara tara ke nan Malam Isyaku na riƙe da ƙungiyar, a garin kowa na kiransa Gwani, amma ko kofin shan shayi bai taɓa kawo mana ba. Ni na tashi a taro na ce sunansa ya fi aikinsa. Na ƙara da cewa tun da aka mayar da gasar kwalejoji cikin damina, kowace Asabar maimakon atisaye sai ya kwashi ɗalibai ya tafi da su gona, kuma kowa ya san gonar wa ake nomewa. Isyaku yana zaune a wurin. Aka yanke cewa ni da Alhaji Lawal mu je mu ga kociyoyi biyu da ake yabo, ɗaya a Faskari ɗaya a Sabuwa, mu kawo rahoto ranar Litinin a kaɗa ƙuri'a. In rahoton ya yi yadda nake so, Isyaku ya bar aiki.

Ni tsohon alƙalin wasa ne, shekara goma sha shida ina busa usur, saboda haka ban cika shakkar ra'ayina kan ƙwallo ba. Alhaji Lawal kuwa tsohon gola ne, kuma ba ya son doguwar magana.

Ba mu yi nisa ba direba ya gane abin da ya fito da mu.

"Garba Mai-Allo za ku gani? Ai kun gama neman koci, Malam. Kohi ukku hwa."

Wani mai awon hatsi da ke gefena ya ce, "Baki ne kawai. Danjuma na Sabuwa ya hi shi, shi ya ɗauki na bara."

"Danjuma? Sa'a ce. Ko ni aka ba yaran nan sai in ci kohi."

Haka suka yi ta ja har shingen sojoji na farko, ƙarfe bakwai da minti ashirin. Soja ya leƙo ya tambayi inda za mu. Da ya ji neman koci muka fito, sai ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Mun wuce shinge uku kafin Sheme. A 'Yankara muka sauka da ƙarfe tara saura minti goma, muka ci waina da miya a bakin titi, muka jira wata motar ta cika. Mun shiga Faskari sha ɗaya da rabi, muka sauka gidan surukin Alhaji Lawal, aka ba mu ɗakin zaure.

Koci Garba ya karɓe mu bayan La'asar a filin kwalejinsu. Dogon mutum ne mai fara'a, yana rataye da ƙaramin allo, shi ya jawo mashi laƙabin. Ya zana mana yadda ake tare tsakiya, da yadda ɗan baya zai hau ya dawo. Gaskiya ya san ƙwallo, na yi ta gyaɗa kai ina rubutawa. Ya kai mu ofis muka ga kofunan uku, an goge su suna ƙyalli.

Ƙarfe biyar ta yi, 'yan wasa shida ne a fili. Biyar da rabi suka zama bakwai.

Alhaji Lawal ya tambaya, "Koci, ina sauran?"

"Suna gona, Alhaji. Lokacin maimai ne, ciyawa ta taso. Uba ba shi barin ɗa ya zo buga ƙwallo masara na mutuwa. Na rubuta takardu, na aika har gida, babu wanda ya kula."

"Kofunan nan, yaushe aka ci su?"

"Lokacin da ake gasar da rani."

Na rubuta wannan ma, amma da ƙananan baƙaƙe. Da muka koma masauki aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Na ce wa Alhaji Lawal matsalar Garba ta iyaye ce, ba ta ilimi ba. Ya ce haka ne, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Juma'a: Faskari zuwa Sabuwa

Ruwa ya tsare mu har takwas da kwata. Ba mu sami ƙaramar mota ba, sai a-kori-kura da ta ɗauko buhunan taki, direban ya sa mu gaba don ganin furfurarmu. Ta Daudawa muka bi. Hagu da dama gonaki ne, masara ta kai gwiwa, kowace gona da mutane sunkuye a cikinta. Sau biyu muka sauka aka tura mota daga taɓo, ni dai na riƙe lema ina ba da shawara.

Direban nan shi ma yana da nasa ra'ayin. A wurinsa duk kociyoyin shiyyar nan zuzuta su ake yi, tun daga kan Garba har Danjuma.

Na ce, "Isyaku na Ƙanƙara fa?"

"Wanda bai taɓa cin komi ba? Ban san mi ake yabo gare shi ba."

Na ji daɗin maganar, na dubi Alhaji Lawal. Shi kuwa gonaki yake kallo.

Mun isa Ɗandume sha ɗaya da minti goma, muka sha fura da nono, muka canza mota. Shinge biyu ne tsakanin nan da Sabuwa, a na biyun aka sauke mu aka duba jakunkuna. Mun shiga gari ana kiran sallar Juma'a, muka wuce masallaci kai tsaye.

Malam Danjuma ya jira mu ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin filinsu. Gajere ne, malamin lissafi, maganarsa a hankali kamar mai tsoron tada barci. Na taya shi murnar kofin bara. Na tuna mashi cewa mu ya ci a wasan ƙarshe, ɗaya da nema, kuma a ganina Isyaku ne ya ba shi wasan, don bai yi canji ba sai saura minti biyar.

Ya ce, "Canjin ya makara, wannan gaskiya ne. Amma bari in gaya maka yadda na kai wasan ƙarshen, Malam. Wasa huɗu ne kahin nan. Biyu ba a buga ba, abokan karawar ba su cika sha ɗaya ba, aka ba mu. Yarana na bara 'ya'yan 'yan kasuwa ne na cikin gari, ba su zuwa gona. Sun gama sun tahi. Bana tara gare ni."

"To in muka ba ka aikin, za ka zo?"

"Gobe ma. Ba don komi ba sai don yaranku. Duk daminar bara ƙungiya ɗaya ce ke zuwa hili da mutum sha takwas, taku. Kuma 'yan ƙauye ne, 'ya'yan manoma. Na tambayi Isyaku yadda yake yi, ya ce in zo ran Asabar in gani. Ban samu zuwa ba." Ya dube ni. "Kai da ke garin, ai ka sani."

Na ce mashi na san wani abu a kai. Ban faɗi abin da na sani ba, don a lokacin na fara jin bai da nauyin da nake zato. Na kalli atisayen yaransa tara har ƙarfe shida. Suna da ladabi, suna ba juna ƙwallo da kyau, amma tara ba ta zama sha ɗaya. A ɗakin baƙi na kwalejin muka kwana, matarsa ta aiko mana da ɗanwake da man gyaɗa da yaji.

Asabar: Sabuwa zuwa gida, ta Ƙetare

Mun bar Sabuwa bakwai daidai, muka isa Funtuwa tara da kwata. A tasha na nufi motar da za ta bi ta Sheme, sai Alhaji Lawal ya ce a'a, mu bi ta Bakori mu ɓulla Ƙetare, yana da saƙon ɗinki da zai ajiye. Na yi ƙorafin zagaye, ya ce hanyar ta fi kwanciyar hankali. Ban ga ɗinki a jakarsa ba, amma ban bincika ba.

Sha biyu saura minti ashirin, dab da shiga Ƙetare, ya ce wa direba ya tsaya. Muka sauka a bakin wata gonar dawa. Samari ne jere a cikinta, sun tuɓe riguna, kowa da hauyarsa, suna tafiya tare layi-layi. Na ƙirga, sha takwas. Na gane golan ƙungiyarmu, na gane ɗan gaba mai lamba tara. A ƙarshen jeri akwai wani mai furfura da wandon atisaye, ya ɗan fi su jinkiri. Isyaku ne.

Wani dattijo ya taso daga gindin kaɗanya da sanda yana ɗingishi. Alhaji Lawal ya gaishe shi da Baba Tanko, ya ce mani shi ne mahaifin golan.

Na gaishe shi na ce, "Baba, gonar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Malam. Gayya ce. Yau ni, makon jiya gidan su mai lamba tara, na gaba kuma can wajen Ƙanƙara. Kowane ɗan wasa ana zuwa gonar ubansa sau ɗaya a noman hwari, sau ɗaya a maimai. Aikin da zai ci mamu kwana goma ni da yaron, kahin azahar sun gama. To mi zai sa in hana shi zuwa ƙwallo da marece?"

"Gonar koci fa, yaushe ake zuwa?"

Ya yi dariya. "Isyaku? Ai tashi gonar sai ya ɗauki 'yan ƙwadago. Mun ce a sa ta cikin jeri, ya ƙi."

Na ji kunya ƙwarai, irin wadda ban ji ba tun ranar da na ba da fenareti alhali ba a taɓa kowa ba. Na juya wajen Alhaji Lawal na ce ashe ya sani.

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa a taro?"

"Kai ma ka ce kowa ya sani. Wa ka tambaya?"

Isyaku ya kai ƙarshen layinsa ya ɗago, ya gan mu. Ya tako yana share gumi da hularsa, muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi lafiyar Garba da Danjuma, don ya san inda muka je. Na fara haɗa magana a baki, sai ya katse ni.

"Alƙali, saura layi huɗu a gama. Ga hauya."

Na naɗe farar rigata na shiga. Layi ɗaya na yi cikin minti ashirin da biyar, na sare dawa uku, Baba Tanko yana bina a baya yana gyara abin da na bari. Da aka gama aka kawo fura cikin ƙwarya babba da kwaɗon zogale, muka sha tare da samarin. Na gaya wa Isyaku cewa har yanzu ina nan kan bakana, canjinsa na makara. Ya ce ya ji, zai duba.

A-kori-kurar da ta kawo su ita ta kwashe mu gaba ɗaya. Na shiga gida ƙarfe biyu da minti goma, tafin hannuna ya yi bororo biyu.

Ranar Litinin na karanta rahoton kamar yadda na rubuta shi a nan, ban rage komai ba. Sannan na miƙe a gaban mutanen da na yi maganar gona a gabansu, na ce ƙarya na yi wa Malam Isyaku, ban bincika ba, ina neman ya yafe mani. Ya ce ya wuce. Aka kaɗa ƙuri'a, shida suka ce ya zauna, ɗaya ya ce a kawo Garba, kuma ba ni ba ne ɗayan. Wasan da ya biyo baya an ci mu biyu da ɗaya, canji bai zo ba sai saura minti bakwai. Amma mutum sha takwas muka kai fili.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa masu masaukinmu na Faskari da Sabuwa, da kociyoyin biyu da ba su ɓoye mana komai ba, da Alhaji Lawal saboda ɗinkin da bai ajiye ba a Ƙetare.

Isyaku ya sa sunana cikin jerin Asabar mai zuwa, ya ce in zo da hauyata, ba shi da ta aro kullum. Jiya na je wajen maƙeri na zaɓi ɗaya marar nauyi. Ya tambaye ni ko ta ɗaya daga cikin yarana ce, na ce a'a, tawa ce.