Baba Jaji, Mai Raba Zomo da Lambu

Da an sallame sallar asuba, Baba Jaji ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kununsa, ya ɗaure gatari da diga da ƙunshin waya a bayan keke, ya gangaro daga unguwar Takur zuwa Yalwawa a nan Dutse tun gari bai gama wayewa ba. Yana da dalilin wannan sammako: sawun zomo ba ya daɗewa a ƙasa, rana na ɗagawa kaji za su tattake shi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana zagaya lambunan bayan gidajen mutane, yana duba danga, yana toshe kafa.

Wanda bai taɓa shuka a gindin duwatsun Dutse ba zai ɗauka abin wasa ne. Amma da rani, idan ciyawar daji ta bushe ƙayau, ba wani kore da ke saura sai salak da alayyafo da karas ɗin da mata ke yi wa ban ruwa a bayan gida. Zomayen da ke fakewa a tsakanin duwatsu sun san da haka. Sai mace ta yi sati uku tana jan guga, ta wayi gari ta tarar an aske mata shuka tas.

Da can Baba Jaji maharbi ne. Da gari ya bunƙasa, gidaje suka ci daji har gindin dutse, sai ya rataye bakansa. Sanin halin dabba dai bai bar shi ba, shi ne ya juya shi ya zama abin taimakon mutane.

A Yalwawa har yau ana ba da labarin abin da ya yi a gidan Ikilima. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da ɗan lambun bayan gida take riƙe da su. A rani ɗaya sau uku tana dasa salak, sau uku ana cinyewa. Ranta ya ɓaci, ta ɗora laifin a kan awakin maƙwabcinta, Malam Sagiru. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mijinta. Ya rantse mata awakinsa a turke suke kwana, ba ta yarda ba. Gaisuwa ta yanke. Ta aika masa cewa ko ya sayar da su, ko su haɗu gaban mai unguwa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe Baba Jaji ya jingine kekensa a ƙofar gidanta ya yi sallama.

"Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Wannan ba zomo ba ne. Da idona na ga kashin awaki."

"To, 'yata, nuna mini."

Ya tsuguna a bakin shukar, ya dudduba ƙasa da kyau. Sannan ya ce a kira masa Malam Sagiru. Mutumin ya shigo fuska a ɗaure, ya tsaya can nesa.

"Matso, Malam. Ke ma matso," in ji Baba Jaji. Ya ɗaga wani guntun kara. "Ku dubi kansa. Kamar an sa reza an yanke shi a karkace, ko? Akuya ba ta da haƙoran gaba na sama. Fizga take yi, ta bar ganye a yage, wani lokaci ta tumɓuke har saiwa."

Ya ɗauki ƙwayar kashin da ta nuna, ya murje a tafin hannunsa. Zagayayya ce, cike da ɓurɓushin ciyawa. Daga nan ya ja su zuwa kusurwar danga, inda gara ta cinye gindin kara ta bar kafa wadda dunƙulen hannu zai shiga. Ga gashin zomo nan mai laushi, ruwan ƙasa, a maƙale.

Ikilima ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta juya wajen maƙwabcinta. "Malam, na ɗauki alhakinka. Don Allah ka yafe mini."

Malam Sagiru ya saki fuska. Sai ya naɗe hannun riga. "Ya wuce, Maman Zara. Baba, me za a fara yi?"

Kafin kiran sallar Juma'a sun haƙa rami kamu ɗaya a kewayen lambun. Washegari, ranar da aka sa za a je gaban mai unguwa, suka binne gindin ragar waya a ciki, suka lanƙwasa bakinta waje, suka ɗaga ta har ƙugu. Baba Jaji ya jera ƙayar magarya a bayanta, ya sa aka kwashe tarin karan da zomayen ke laɓewa a ciki. Da aka zo dashe na huɗu, takin awakin Malam Sagiru aka zuba. Salak ɗin ya yi kyau har Ikilima ta riƙa aika masa da shi a faifai.

Ba kowa ne ya ji daɗin Baba Jaji a karon farko ba. Wani babban ma'aikaci a Takur ya taɓa miƙa masa guba, ya ce a barbaɗa a ganyen kabeji a huta.

"Ranka ya daɗe, zomo ne kaɗai mai baki a unguwar nan?" in ji shi. "Kajin maƙwabta fa? Wanda zai ga zomo yana tangaɗi ya kama ya yanka wa iyalinsa fa?"

Mutumin ya ce shi ba wa'azi ya kira shi ba. Baba Jaji ya hau kekensa ya tafi. Bayan kwana biyu aka aiko masa da ban haƙuri, ya koma ya yi dangar kamar ba abin da ya faru.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa ana iya tsare abinci ba tare da an zalunci mai rai ba. Kai ne kake cewa zomo ba mugu ba ne, yunwa ce ta koro shi, kuma mu muka tarar da shi a wurin. Ba ka taɓa ɓoye saninka ba. Duk gidan da ka shiga sai ka sa matar gidan ta riƙe waya da hannunta, ta ɗaure, ka kwance, ta sake ɗaurewa, har ta iya. Na Takur mai ido a ƙasa, sannu da aiki.

Bana gwiwoyinsa sun ƙi. Tsuguno ya gagara, hawan keke ma haka. 'Yarsa Karima ta matsa sai ya koma wurinta a Ringim, kuma ya amsa zai tafi bayan Babbar Salla. Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa wahalar da ka sha ta zama nauyi a mizaninka.

Mu kuma da muka rage, kowa yana da ɗan abin da ya iya. A leƙa bayan gidan maƙwabci, a tambaye shi abin da ke damunsa, a koya masa. Wanda kuma yake da hali ya je ya gaishe da Baba tun bai tashi ba.

Da aka karanta masa wannan rubutu a ƙofar gidansa, ya saurara har ƙarshe yana murza gemu. Aka tambaye shi ko akwai gyara.

"Kun cika yabo," ya ce. "Ga shi kun manta da babban abu. Ku rubuta musu su riƙa rufe ƙofar lambu idan sun gama ban ruwa. Rabin zomayen da aka kira ni a kansu, ta ƙofa suka shiga."