Malamar da Take Ba da Makin Hanya

Ranar Talata, tara ga watan nan, Allah ya karɓi ran malamar lissafi ta aji uku, wadda yara suke kira Malama Ta-ina, bayan gajeruwar jinya a asibiti. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Ni a bakin ƙofar makaranta labarin ya same ni. Na zo ɗaukar 'yata Auta, na tarar maigadi ya buɗe ƙofa tun lokacin tashi bai yi ba, yara suna fitowa babu mai gudu, babu mai ihu. Tun kafin a faɗa mini na san ba lafiya ba.

Malama, duk ranar da kika gan ni sai kin tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Bari in ba ki amsa yadda na saba. Baban yara yana nan lafiya, yana shagonsa na ɗinki, sai ciwon bayan nan da ba ya rabuwa da shi. Tarin Kaka ya yi sauƙi. Yayar Auta kalau take. Ni ma da sauƙi za a ce. Auta ce ba lafiya. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai, amma ta daina cin abin kirki, in an yi mata magana sai ta kalli ƙasa.

Masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haifi yara biyu na shiga ajin manya, har yau kuma hannuna bai saki ba. Amma ba zan ba wani ya rubuta mini wannan ba, domin ke ce mutum ta farko da ta taɓa rubuto mini abu tana sa ran ni da kaina zan karanta. Da kika gane yadda nake fama, sai kika riƙa rubuta bayaninki a ƙasan aikin Auta da manyan baƙaƙe, a rarrabe. Ba ki taɓa ce mini don ni kike yi ba. Ni ma ban taɓa nuna na gane ba.

Haɗuwarmu ta farko ba ta daɗi ba ce. Auta tana maimaita aji uku, lissafi ya kayar da ita a bara, kafin a ba ki ajin. Babanta ya ga abin ya ishe shi, sai ya riƙa faɗa mata amsar aikin gida yana kan keken ɗinki, ko ɗaga kai ba ya yi, shi da awo ya zauna masa a ka. Ta kai amsa duk daidai, ta dawo da maki kaɗan. Na yafa mayafi na nufo makaranta da faɗana a baki. Na same ki kina share allo, alli ya yi miki fari har gwiwar hannu. Kika bari na gama tas, sannan kika ce, “Maman Auta, amsar nan ta iso lafiya, amma a mota aka kawo ta. Ki gai da direban, ki ce masa ya ci jarrabawa. Saura Auta.” Na rasa inda zan sa fuskata, dariya kuma ta ƙwace mini.

A ranar kika nuna mini yadda kike duba aiki. Kowace tambaya maki uku ce a wurinki: biyu na hanya, ɗaya na amsa. Yaro ya kawo daidai ko ya kawo kuskure, tambayarki ɗaya ce, “Ta ina ka biyo?” Daga nan sunan ya bi ki, kin kuma san da shi, har amsawa kike yi.

Kika zaunar da Auta a bencin gaba, kika rubuta mata arba'in da biyu a ɗebe sha bakwai. Ta rubuta talatin da biyar. Ni har na fara harararta. Kika ce ta ina ta biyo. Ta ce, murya can ƙasa, “Malama, biyu ba ta da bakwai da za ta bayar, shi ne na cire biyun daga bakwai.” Kika juyo kika dube ni, fuskarki kamar an yi miki albishir. Kika ce, “Kin ji ko? Shekara guda ana ce wa yarinyar nan daƙiƙiya, ashe tausayin biyu take ji. Wannan kuskuren mai hankali ne.”

Sai kika jawo gwangwanin nan naki na kan taga, mai cike da tsinken tsintsiya, an ɗaure su goma-goma da zare. Kika ba ta ɗauri huɗu da tsinke biyu, kika ce ta ba ki sha bakwai. Ta daɗe tana kallonsu. Na so in sa baki, kika hana ni da ido. Can ta sa haƙori ta kwance ɗauri ɗaya, tsinkaye suka watse a kan benci, ta ƙirga ta miƙa miki. Da ta duba abin da ya rage ta ga ashirin da biyar, ta ɗago ta kalle ni. Ban taɓa ganin wannan fuskar a wurin 'yata ba sai ranar.

Tsintsiyar gidanmu ba ta sake zaman lafiya ba. Kaka ta yi ta mita wai jikarta za ta bar mu da shara da hannu.

Ba Auta kaɗai ba ce. Na ga kina zama bayan an tashi da yaran da iyayensu ba su zo da wuri ba, kina sa su auna faɗin aji da tafin ƙafa, suna gardama a kan dalilin da ya sa mai babbar ƙafa yake samun kaɗan. Na ga ranar da wata uwa ta ɗaga hannu za ta mari ɗanta a gabanki saboda sakamako, kika riƙe hannun kamar gaisawa kuke yi, kika yi ta tambayarta gajiya har ta huce. Ba ki da bulala a aji. Kin ce tsoro da lissafi ba sa zama a kai ɗaya.

Kin kuma san ciwon Auta da ya rage. Da zarar an ce jarrabawa, an raba takarda, an ce kowa ya yi shiru, hannunta sai ya jiƙe da gumi, abin da ta sani duk ya gudu. Shi ya sa a gwajin ranar Juma'a kike barin ta ajiye tsinkayenta a gefen benci. Kwanan baya kika ce mini sau da yawa yanzu ko taɓa su ba ta yi, ganinsu kawai ya ishe ta. Kika ce in ba ta zangon karatu ɗaya, da kanta za ta manta da su a gida. Kika kuma yi mini alkawarin za ki yi magana da shugaban makaranta, a bar ta ta shiga babbar jarrabawar ƙarshen shekara da su, a kuma duba hanya ba amsa kaɗai ba. Satin da ya biyo kika kwanta.

Malama, jarrabawar ranar Litinin ce ta sama. Malamin da aka ba ajinku mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba, amma ya ce doka ita ce fensir da abin gogewa kawai a kan benci. Baban yara kuwa ya riga ya faɗa, in ta sake faɗuwa ba zai bari ta zauna aji ɗaya sau uku yaran da suke bayanta a makaranta suna yi mata dariya ba, zai ɗauke ta ta koyi ɗinki a shago. Ɗinki ba abin kunya ba ne, da shi muke ci. Amma ni na san abin da ake nufi da a ce yarinya ta ɗan huta da makaranta. Ni ma hutun aka ce in yi, na dawo aji da goyo a baya.

Da muka je gaisuwa gidanki, Auta ba ta yi kuka ba. Sai a hanyar dawowa ta ja mayafina ta ce, “Mama, yanzu wa zai tambaye ni ta ina na biyo?”

Allah ya jiƙanki, Malama. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ke da ba ki taɓa yanke wa yaro hukunci ba sai kin ji hanyarsa, Allah ya dubi hanyar da kika biyo, ya cika miki ladanki ba ragi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da mahaifiyarki da na ga ta kasa tashi daga inda take zaune, da 'ya'yanki, da abokan aikinki, da 'yan aji uku. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya raya abin da kika bari.

Saura roƙo ɗaya, ga shugaban makaranta. Ranka ya daɗe, ban sani ba ko Malama ta samu ta yi maka maganar kafin ciwo ya kayar da ita. In ba ta samu ba, ga shi na isar mata. Ba amsa nake roƙa a faɗa wa 'yata ba, an taɓa yi, bai yi amfani ba. Tsinkayenta kawai, a gefen benci. Don Allah a ba ni amsa kafin ranar Juma'a, ko ta bakin maigadi ce, ina bakin ƙofa kullum lokacin tashi. Ko a'a ce a faɗa mini, in sami kwana biyun da zan lallashe ta.

Tsinkayen suna cikin jakarta. Ɗauri ɗaya a ciki Malama ce ta ɗaure da hannunta, da jan zare. Shi Auta ta ce ko tambaya ta buƙaci a kwance, ba za ta kwance ba.