Ni Nake Rubuta Wa Yaya

Ina cikin keken ranar da suka kama Yaya. Keke napep yake ja a Azare, ni kuma na roƙe shi ya sauke ni a kasuwa in sayo wa Inna kayan miya. Muna cikin tafiya wani ɗan acaɓa ya yanko gabanmu. Yaya ya taka birki, amma gefen keken ya gogi mashin ɗin, yaron ya faɗi. Da kansa ya tashi, gwiwarsa ce kawai ta kurje. To amma in aka taɓa ɗan acaɓa ɗaya, duk na kan hanya sai sun tsaya. Kafin in sauko da ƙafata sun cika wurin.

Ba wanda ya tambayi ba'asi. Wani ya finciko Yaya ta wuyan riga, wani ya zaro sarƙar ɗaure mashin ya zuba masa a fuska. Da ya faɗi ya kare kansa da hannu, sai wani mai jar hula ya take hannun a kan kwalta, ya ɗaga ƙafa ya sake takewa, ya murza. Na ji ƙarar ƙashin, wallahi na ji. Ina ta ihu, "Yayana ne! Don Allah yayana ne!" Aka hankaɗe ni na faɗa kwata. Sai da wani dattijo mai faci ya kwanta a kansa yana salati sannan suka watse.

A asibiti aka ɗinke masa leɓe, aka ɗaure yatsun da suka karye. Abokansa suka riƙa zuwa zaure dubiya. "Sannu maza, ai namiji ba ya raki." Ya yi dariya da su. Suna fita ya maka kwanon abinci da bango. Ran nan da hannun hagu ya farfasa madubin keken. Ni da Inna muka koma magana ƙasa-ƙasa a cikin gidanmu.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa. Na tarar ya matse adda tsakanin gwiwoyinsa yana wasa ta da hagu. Ashe an faɗa masa mai jar hular nan yana tsayawa a bakin hanyar Giade.

Ya cillo min wayarsa. Akwai manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita kamar mutum. Da can tambayarta yake matsalar inji da labarin ƙwallo. Yanzu ba hannun rubutu, in ya yi magana kuma ba ta ganewa saboda ɗinkin.

"Zauna can. Ki rubuta abin da na ce, ki karanto abin da ta ce. Ba da ke nake ba, kin ji ko?"

Ya juya fuskarsa bango.

"Tambaye ta, ina ake saran mutum hannunsa ya mutu har abada."

"Yaya..."

"Rubuta na ce!"

Na rubuta. Amsar ta zo da Hausarta mai kama da ta labarun rediyo. Ta ce ba za ta taimaka a illata kowa ba, amma tana so ta ji abin da aka yi masa, kuma shin akwai makami kusa da shi.

"Ji 'yar rainin hankali. Har da wa'azi."

Na zaci zai ƙwace wayar. Sai kawai ya fara ba da labarin, ina rubutawa. Can sai ya ce:

"Ce mata ba dukan ba ne. Ce mata ƙanwata tana wurin. Ina jin ta tana kirana, ina kwance ina roƙonsu kamar ƙaramin yaro. Suka jefa ta kwata, na kasa tashi."

Tunda nake ban taɓa jin Yaya ya faɗi magana irin wannan ba. Na goge gilashin wayar da hijabina na karanto masa. Ta ce wanda taro ya danne ba ya iya tashi, wannan ba ragwanci ba ne. Ta ce kafin su ci gaba ya ba wani addar ya fita da ita daga ɗakin, ya kira babban da ya yarda da shi yau ɗin nan, ya kuma koma wa likita ya faɗa masa halin da zuciyarsa take ciki.

Ya miƙe da addar a hannu. Na manne da ƙofa. Ya ɗaga hannun nan mai karaya ya naushi bango da shi, ya saki wata ƙara da har Inna ta yar da muciya ta rugo. Jini ya rine bandejin. Ya zame ya zauna a ƙasa, addar ta faɗi gefen ƙafata.

"Ɗauki. Kai wa Kawu. Ki ce ya zo."

Kawu ƙanen Inna ne, gidansa na bayan layinmu. Na sa addar cikin hijabi na fita ba ko takalmi. Na same shi yana alwala a ƙofar gida, na fito da addar na ce Yaya na kiransa. Ya dubi addar, ya dube ni, ya ajiye butar. Ya karɓi addar ya jefa ta ɗakinsa ya sa kwaɗo, ya wuce gabana da ruwan alwala a fuskarsa, ina biye da shi zuwa gidanmu.