Robobi Biyu a Zauren Sarkin Ruwa

A duk shekarun da na yi a sashen kiwon kifi, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Sarkin Ruwa, shugaban masuntan dam ɗin Shagari, ya shigo ofishinmu na Bodinga ya ƙi zama. Dattijo ne mai kawaici, amma ranar a tsaye ya yi magana.

"Yallaɓai," ya ce wa shugabanmu, "kowace shekara kuna zuba ɗiyan kihi, mu kau ba mu ganin komi cikin koma. Ko matattu aka kawo muna, ko ana saida na kirki bisa hanya. A tambayi mai ɗauko su."

Mai ɗauko su kuwa Isa ne, mai kula da wurin ƙyanƙyasa. Tsarin da muka gada shi ne a ƙyanƙyashe 'ya'yan tarwaɗa, da zarar damina ta sauka Isa ya loda su a ganguna ya kai dam a zuba. Shugabanmu ba azzalumi ba ne, sai dai ƙorafin ya riga ya kai sama, an ce a ɗauki mataki. Ya ce za a dakatar da Isa. Isa ɗan garin Kajiji ne, mai iyali, kuma masuntan sun san har ƙofar gidansu. Rasa aikin da ciwo, amma sunan ɓarawo ya fi.

Ni a lokacin jami'in duba ruwa ne, ban daɗe da dawowa gida ba. Kafin nan na yi shekaru a wata tashar binciken teku a kudu. Kowane wata mukan shiga jirgi, mu je wuri ɗaya a bakin teku, mu ja wata raga mai idanu kamar rariyar gari, mu dawo mu ƙirga abin da ta kamo a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙananan halittu ne da ke yawo cikin ruwa, yawancinsu ido ba ya gani, kuma su ne abincin farko na ɗan kifi. Aiki ne mai sa gyangyaɗi, ga ni Basakkwacen da bai iya iyo ba, kullum ni ne abin tsokana a jirgi. Amma manyanmu da suka daɗe suna ƙirgar sun nuna mana abu guda: yayin da ruwan yake ƙara ɗumi, manya-manyan halittun suna raguwa, lokacin yawaitarsu kuma yana gocewa. Sai kifi ya ƙyanƙyashe ya tarar an gama rabon abinci.

Na roƙi shugaba ya jinkirta. Ya ce, "Ka kawo mini abin da zan faɗa wa na sama."

Na hau babur da ragata da madubin ƙara girma na tafi dam. A tsakiyar bazara na taɓa duba wannan ruwan, na same shi maƙil da halittun. Yanzu kuwa, daidai lokacin zuba kifi, ragar ta fito kusan wayam. Na kira Sarkin Ruwa, na ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubi, ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

"Ɗana, ban ga komi ba."

"Ai abin da nake so ka gani ke nan, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Babu komi, shi na shaidar taka?"

Gaskiyarsa. Na ji kunya, don na kawo wa masunci hujjar ɗakin gwaji.

Washegari na koma da robobi biyu. Ɗaya na cika da ruwan dam. Ɗayar na cika da ruwan wani tankinmu da muke zuba wa kashin kaji don halittun su yaɗu. Na ce shi da hannunsa ya ɗebi 'ya'yan tarwaɗa daga gangar Isa ya raba biyu. Na ajiye robobin a zaurensa, na ce kada a ba su komai, ruwa kawai za a riƙa sauya wa kowace daga inda aka ɗebo nata, kuma masuntansa ne za su ɗebo. Daga nan ban sake taka ƙauyensa ba, don kada a ce na sa hannu.

Kwanakin nan Isa ya rame. Yakan zo aiki, ya gaisa da kowa a gajarce, ya shige wurin tankuna. Ni ma hankalina bai kwanta ba, don ruwa ba ya yi wa kowa alkawari.

Bayan mako da wani abu, sai ga Sarkin Ruwa a bayan babur, riƙe da kwalabe biyu da ya juye kifayen robobin a ciki. Ya dire su a kan teburin shugaba. A ta ruwan tankinmu kifayen sun yi ciki suna wutsil-wutsil. A ta ruwan dam 'yan ƙalilan ne suka rage, sai kai da wutsiya. Ya ce a kira masa Isa. Da ya shigo, dattijon nan ya kama hannunsa a gaban kowa.

"Na ɗauki alhakinka, Isa. Ka yahe mani."

Isa ya ɗaga kai. Sannan Sarkin Ruwa ya zauna. Ya daɗe yana kallon kwalabar da kifayenta suka rame. Ya ce tun yana yaro ya san lokacin da zafi ke shigowa, yanzu kuwa ya daina tsayawa wuri ɗaya. Ya juyo gare ni.

"Wallahi da ɓarawo na, da ya hi mani sauƙi. Ɓarawo korar shi aka yi, a huta. Wanga kau, wa za mu kora?"



Tun daga nan muka bar zuba kifi don damina ta sauka. Sai mun ja raga mun ga abinci a ruwa. Wata shekara mu dace, wata mu kuskure, kuma ba zan ce duba ɗaya ya isa a yanke hukunci kan yanayi ba; wannan sai an daɗe ana ƙirga. Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata dai shi ne, idan ruwa ya canza, mutane za su fara neman wanda za su kama, kuma wanda ya fi kusa da ganga shi za a fara nunawa. Ku duba ruwan kafin ku sa hannu a takardar kowa.