Hannuwan Mai Daddawa

A kasuwar Gummi ga wani saurayi siriri, hula a karkace, yana yawo da waya bisa sanda. Tambayar mutane yake yi abin da ya hana su noma bana, ya ɗauka ya sa a intanet. Ya durƙusa gaban wata tsohuwa mai daddawa.

"Inna, in ɗauka?"

"Ɗauki, ɗana, amma ban da fuskata. Masu bindiga ma suna kallon waya, ga ɗiyana can ƙauye."

Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da wayar kan hannuwanta da ke mulmula daddawa, ya ƙyale ta tana magana har ta gaji. Da alama shi ma yana da uwa a wani ƙauyen.